Me ya sa injin jiragen da ake haɗawa a gida ke yawan ɗaukewa a sama?

Tambaya: Ni makanikin mota ne, shekarata goma sha ɗaya a gareji. Ina yawan kallon bidiyon Turawa masu haɗa ƙananan jiragen sama a garejin gidansu, kuma ina yawan jin an ce inji ya ɗauke, jirgi ya faɗo da mai shi. Shin injinan ne ba su da ƙwari, ko rashin kula ne? Kuma idan mutum ya san injin mota ciki da waje, me zai hana ya ɗora shi a jirgi?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Tunda kai ma mai riƙe sifana ne, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. A mafi yawan haɗurran nan ba ƙarfen injin ne ke karyewa ba. Yunwa ake bari ta kashe shi. Sau da dama masu bincike kan ɗauko injin daga cikin tarkace, su ɗora shi a kan teburin gwaji, su ba shi mai, ya tashi garau kamar ba abin da ya same shi. Abin da ya gaza shi ne abin da ke kai masa fetur, ko wuta, ko iska, ko baƙin mai. Shi injin daga kamfani ya fito a akwati. Amma tiyo, da famfo, da matatar mai, da wayoyi, da makunnin tanki, duk mai jirgin ne ya zauna ya haɗa da hannunsa, kuma galibi babu wanda ya sake bin bayansa ya duba.

Kafin mu shiga ciki, ka cire a ranka cewa jiragen nan tarkace ne. A Amurka harka ce babba mai tsari. Ƙungiyar masu wannan sha'awa, EAA, Paul Poberezny ne ya kafa ta a 1953, kuma duk shekara dubban jirage na taruwa a bikinta na Oshkosh da ke jihar Wisconsin. Doka ta yarda mutum ya haɗa jirgi don koyo ko nishaɗi, muddin fiye da rabin aikin ba kamfani ne ya yi masa ba. Yawanci kayan ake saya a akwatuna, da zane da littafin umarni, mutum ya yi shekaru yana bugun ƙusoshi bayan ya taso daga aiki. Kamfanin Van's na jihar Oregon shi kaɗai, jiragensa da aka haɗa suka tashi sun haura 10,000. Mu ma mun san zanen nasu a nan gida: jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Nijeriya da ake kira Air Beetle, daga samfurin RV-6A na Van's aka samo shi, kuma a Kaduna aka harhaɗa guda 60. Ka ga ke nan ba zanen ba ne matsalar.

Bambancin yana wajen kula. Jirgin da kamfani ya ƙera, irin su Cessna, mai shi ba ya da ikon kwance masa kafireta. In ban da 'yan ƙananan ayyuka kamar juye da sauya fulogi, sai makaniki mai lasisi, kuma dubawar shekara sai wanda ke da izini na musamman ya sa hannu. Jirgin haɗin gida kuwa, a dokar Amurka kowa na iya yi masa gyara. Kowa fa, ko da bai taɓa shiga ajin kanikanci ba. Abin da aka wajabta shi ne dubawa sau ɗaya a wata 12, kuma wanda ya haɗa jirgin yana iya karɓar takardar da ta ba shi damar yin wannan dubawar da kansa. Wato mutum ɗaya shi ne maƙeri, shi ne makaniki, shi ne mai duba aikin makanikin, shi ne direba. A inda nake aiki, idan na taɓa igiyar sarrafa jirgi ko totur, ba na rufe wurin sai wani injiniya daban ya zo ya duba ya sa hannu kusa da nawa. Ba don ana zargina da rashin iya aiki ba. Laifi tudu ne. Idon da ya yi kuskure shi ne na ƙarshen ganinsa.

Alƙaluma sun nuna haka. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a 2012 a kan waɗannan jirage. Ta ce su ne kusan kashi 10 cikin 100 na jiragen da ba na jigilar fasinja ko soja ba, amma a 2011 su ke da kusan kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Abubuwa biyu ne suka yi wa sauran fintinkau: gazawar inji, da ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi a sama. Takwararta ta Ostireliya, ATSB, ta bi haɗurra daga 1988 zuwa 2010 ta tarar cewa jirgin haɗin gida ya ninka na kamfani sau uku wajen yawan haɗari, kuma fiye da rabin haɗurran daga matsalar na'ura suka faro, galibi inji ya mutu ko ya rage ƙarfi. Wani abin da ya ba ni mamaki a rahoton shi ne, matuƙan ba 'yan koyo ba ne. Sun fi matuƙan jiragen kamfani da suka yi haɗari yawan awoyin tuƙi. Jirgin da suke ciki ne kawai ba su saba da shi ba.

Bari in ba ka misali ɗaya da nake ba duk yaron da ya zo koyon aiki a wurina. A ƙarshen watan Mayun 2014 wani jirgi samfurin RV-10 ya tashi daga Newport a jihar Oregon. Mai shi ne ya haɗa shi, shi ke tuƙi. Bai yi nisa ba inji ya ɗauke, ya faɗi a garin Toledo da ke kusa. Matuƙin ya rasu, da wata yarinya 'yar shekara huɗu, mahaifiyarta ta tsira da raunuka. Da aka bi layin mai, sai aka tarar da wani ɗan dunƙulen gam ɗin silikon, irin wanda kuke shafa wa gasket a gareji, ya toshe mashigar wata ƙaramar na'ura mai auna yawan man da ke wucewa. Mai jirgin ne ya shafa gam ɗin a mahaɗar bututu don kada ta yi yoyo. Da aka ɗaure, rarar ta matse zuwa ciki, fetur ya yi ta jiƙa ta har ta ɓalle, ta bi mai ta je ta tsaya a wuri mafi ƙunci. Inji mai silinda shida, na dubban daloli, abin da bai kai ƙwayar wake ba ya tsayar da shi.

Kai ka san sau nawa ka ga an yi irin wannan a mota. Mota ta riƙa shaƙewa, ta tsaya a gefen titi, a hura tiyo, a wuce. Shi ya sa ba na ganin laifin makanikin mota idan ya ɗauki abin da sauƙi: a duniyarsa kuskuren ba ya kisa. A jirgi, silikon da farin tef na masu aikin famfo ba sa kusantar layin mai ko kaɗan. Mahaɗun bututun jirgi masu buɗaɗɗen baki ne, ƙarfe ke zama a kan ƙarfe ya toshe kansa. Idan yana yoyo, bakin ne ya lalace ko ya tsage, sai a sake yin wani. Wanda ya shafa masa gam ya ɓoye ciwon ne kawai, ya kuma ƙara wani.

Layin mai shi ne inda zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan masu haɗin gida ke yin nasu tsarin. Akwai gwajin da ake yi kafin tashin farko: a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa sama, a bar mai kaɗan a tanki, a cire tiyo daga bakin kafireta, a tara bokiti, a riƙe agogo. Idan mai da nauyinsa yake gangarowa, dole ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakken totur. Idan famfo ke turo shi, kashi 125. Inji mai ƙarfin doki 180 yana shan kusan lita 60 a awa lokacin tashi, don haka ana son ganin wajen lita ɗaya da rabi a minti ɗaya cikin bokitin. Aikin yini ɗaya ne bai cika ba. Amma da yake a lokacin ba tilas ba ne, wasu sukan tsallake shi, har NTSB ta sa shi cikin shawarwarinta na 2012. Hatsarin tsallakewar shi ne, a ƙasa inji zai yi ta aiki lafiya domin man da ke cikin kofin kafireta da tiyo ya ishe shi na ɗan lokaci. Sai jirgi ya bar ƙasa, hanci na sama, totur a ƙure, ya kai tsayin ƙafa ɗari biyu ko uku, sannan man ya gaza. Wuri mafi muni ke nan a duk tafiyar.

Sauran abubuwan layin mai ba su da wuyar ganewa. Sabon tanki yakan zo da dattin aiki: ɓurɓushin alminiyam, zaren gilashi, ɓawon gam. A awoyin farko duk suna taruwa a matata, kuma matatar mota ta takarda da wasu ke sayowa don araha ba ta da hanyar da mai zai kewaye idan ta toshe. Akwai ɗan bututun da ke shigar da iska cikin tanki. Idan ya toshe, tanki ya riƙe mai kamar yadda jarka ke yi idan ba ka buɗe ƙaramin murfinta ba. Wanda ya fi toshe shi zanzaro ne, ya kai laka ya gina gidansa a ciki cikin kwana biyu. Akwai kuma tiyon da aka bi da shi kusa da salansa ba tare da rigar kariya ba: mai ya tafasa a ciki, famfo ya riƙa jan tururi. Wannan ya fi faruwa da man mota fiye da shuɗin man jirgi da ake kira 100LL, kuma ya fi faruwa a ranar zafi bayan jirgi ya jima a tsaye yana jiran izinin tashi. Man mota mai haɗin etanol yana jan ruwa, yana kuma cin wasu robobi da tankunan zaren gilashi. Wanda ya san abin da man 'yan bumburutu ke yi wa kafireta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai noti da aka ɗaura da yatsa. Mutum yana gwada bututu, ya murɗa notin da hannu yana cewa zai dawo da sifana, waya ta yi ƙara, ko a kira shi cin abinci. Notin zai riƙe awa biyar, ko goma, har girgizar inji ta warware shi. Shi ya sa muke ɗiga fenti a kan duk notin da aka gama ɗaurewa, muna kuma ɗaure muhimman da siririyar waya ta yadda ba za su iya juyawa baya ba. A nan akwai abin da mutane ba sa so su ji: jirgi ya fi zama abin tsoro a awoyin farko bayan an taɓa shi. Tun a Yaƙin Duniya na Biyu wani masanin kimiyya ɗan Ingila, C. H. Waddington, ya lura cewa jiragen yaƙin da ke sintiri a teku sun fi kawo matsala jim kaɗan bayan an fito da su daga sabis. John Walton, ɗan gidan masu kantunan Walmart, ya rasu a watan Yunin 2005 a jihar Wyoming cikin ƙaramin jirgin haɗin gida. Binciken ya nuna wani zobe da ke riƙe sandar sarrafa jelar jirgin ne ba a mayar da shi daidai ba bayan an yi aiki a wurin. Ba inji ba ne wannan karon, amma ciwon ɗaya ne. Saboda haka sakaci iri biyu ne: ƙin taɓawa, da taɓawa ba tare da wani ya bi baya ba.

Shi ƙin taɓawar yana da wata siffa da makanikin mota ba zai yi zato ba. Kai motar da ke wahalar da kai ita ce wadda ta sha tafiya. A ƙananan jirage, zama ne ke kashe inji. Mai jirgi ya yi shekara bakwai yana haɗawa, ya tashi da ɗoki shekara ta farko, daga nan aiki da iyali da tsadar mai su sa jirgin ya koma tashi awa ashirin a shekara. Kamfanin Lycoming ya ce yawancin injinansa a yi musu garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Mutane suna riƙe na farkon su manta na biyun. Za ka ga talla: inji awa 400 kacal. Ba a faɗa maka cewa awa 400 ɗin a shekara ashirin aka yi su ba. A injin Lycoming kamshaf a sama yake, baƙin mai yana tsiyayewa ya bar shi a bushe, laima ta zauna, tsatsa ta yi ƙananan ramuka, sannan idan aka tayar da inji ramukan su riƙa cin ƙarfe kamar fayil. Masu zuwa duk mako su kunna inji minti goma a ƙasa suna ganin gata suke yi masa, alhali ƙara masa ruwa suke yi, domin baƙin mai bai yi zafin da zai kori laimar ba. Kamfanin da kansa ya ce kunnawa a ƙasa ba ta maye gurbin tashi. Haka juye: awa 50 idan da matata, amma ko ba a tashi ba, kada ya wuce wata huɗu.

Injin Rotax 912, wanda ya cika ƙananan jirage masu kujera biyu, nasa sharaɗin na roba ne. Duk shekara biyar a sauya tiyon mai, da na ruwa, da na baƙin mai, da robobin da ke riƙe kafireta, ko da a ido suna nan kamar sababbi. Roba daga ciki take mutuwa. Wannan aiki yana da tsada da cin lokaci, kuma tunda a jirgin haɗin gida babu wanda zai tsare ka a kansa, shi ne aka fi ɗagawa zuwa baɗi. Maganeto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta ba tare da batir ba, ana buɗe ta a duba bayan awa 500. Biyu ake sawa don idan ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe, sai dai wannan ma yana sa mutane sakin jiki. Farfelar katako kuma tana kumbura da damina ta motse da rani, don haka notocinta suna sakin jiki da kansu. Wanda ya ga yadda ƙofar katako ke yi da hunturu ya san zancen.

Kuma inji ba ya cika mutuwa bai yi magana ba. Duk juye muna yanka matatar baƙin mai mu baje takardar cikinta a rana mu nemi ƙyallin ƙarfe. Muna hura iska mai ƙarfin awo 80 cikin kowace silinda mu saurari inda take fita: idan ta salansa ce, bawul ne, idan ta wurin zuba baƙin mai ce, ringi ne. Muna zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi mu ga launin bawul. Na taɓa duba wani ƙaramin jirgi, na tarar da ɗan shuɗin tabo a ƙasan wata mahaɗa. Mai shi ya ce ai ya daɗe da ganinsa, yana gogewa ne kawai. Da na kwance, bakin bututun ya tsage kusan rabi. Mutumin ba wawa ba ne, ba kuma marowaci ba. Ya saba da tabon ne har ya daina ganinsa a matsayin alama.

Akwai kuma ƙanƙarar kafireta, wadda kan rikita masu bincike domin kafin su iso ta narke. Iska da fetur suna sanyi sosai a maƙogwaron kafireta, har ruwan da ke cikin iska ya daskare ya toshe hanya, ko da a waje ana zafin da ya haura digiri 30 in dai akwai laima. Jirgin kamfani sai ya nuna cewa na'urarsa ta ɗumama iska tana aiki kafin a ba shi takarda. Na gida kuwa, abin da mai shi ya lanƙwasa da gwangwani ne.

Yanzu ga wanda ya fi kowa shiga haɗari: mai saye na biyu. A nazarin NTSB ɗin nan, fiye da rabin jiragen da suka yi haɗari a 2011 sayen hannu ne, kuma 14 daga cikinsu sun faɗi ne a tashin farko na sabon mai shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya haɗa jirgi ya san cewa ma'aunin tankin hagu yana ƙarya, ya san makunnin nan sai an danna kafin a juya. Ilimin nan a kansa yake, ba a rubuce ba, kuma ba ya bin jirgin zuwa gidan mai saye.

Labarin mawaƙin Amurka John Denver shi ne aka fi sani. Ya rasu ranar 12 ga Oktoba 1997 a tekun Monterey da ke Kalifoniya, cikin jirgi samfurin Long-EZ da wani ya haɗa. Ba sabon matuƙi ba ne, yana da awoyi fiye da 2,700. A zanen asali, makunnin sauya tanki a tsakanin ƙafafun matuƙi yake. Wanda ya haɗa wannan jirgin bai so bututun mai ya ratsa inda matuƙi ke zaune ba, sai ya mayar da makunnin bayan kafaɗar hagu. Niyya mai kyau ce. Amma makunnin ba shi da rubutu, yana da tauri, kuma ma'aunin mai ma a baya yake, har sai da wani ma'aikacin filin jirgi ya ara masa madubi don ya riƙa hangensa. An yi masa tayin ƙarin mai ya ce ba nisa zai yi ba. Da tankin da yake amfani da shi ya ƙare, dole ya juya jikinsa baya don ya kai hannu. Masu bincike sun zauna a irin jirgin sun gwada: duk wanda ya yi wannan juyi, ƙafarsa ta dama takan take fedar da ke juya jirgi ba da saninsa ba. Jirgin yana ƙasa-ƙasa, ya karkata ya shige ruwa. An riga an yi maganar mayar da makunnin inda ya dace; an bar shi ne sai ya tafi rangadi a yi aikin a bayansa.

Ka lura da abu ɗaya a labaran Oregon da Monterey: mutuwar inji ba ita ta kashe su kai tsaye ba. Ƙaramin jirgi in inji ya ɗauke ba ya faɗowa kamar dutse. Yana sulalowa, yana iya yin gaba kamar mita takwas ko tara a duk mita ɗaya da ya sauko, kuma da yawansu suna iya taɓa ƙasa da gudun da bai wuce na mota a babban titi ba. Sharaɗin shi ne matuƙi ya dunƙufar da hanci nan take ya riƙe gudu. Idan gudu ya yi ƙasa da wani mizani, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, kuma a kusa da ƙasa babu filin gyarawa. Abin da ke cin mutane shi ne yunƙurin juyawa su koma titin da suka baro. Idan aka karkata jirgi digiri 60, gudun da fiffike ke buƙata yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100, a daidai lokacin da babu injin da zai ba da shi. Ana koya wa kowane ɗalibi ya sauka a abin da ke gabansa, gona ce ko fili. Amma ka tuna mai haɗin gida shekaru ya yi yana goge fiffiken nan da hannunsa. Zuciyarsa ba ta son ta kai shi cikin itatuwa.

Sai tambayarka ta biyu. Ana ɗora injin mota a jirgi, ba sabon abu ba ne: Volkswagen, Subaru, Corvair, har da Mazda. Wasu sun yi shekaru suna tashi lafiya. Amma ka yi wannan lissafin. Mota a kan titi tana amfani da ɗan kaso ne na ƙarfin injinta, sai jefi-jefi ake take ta. Jirgi yana tashi da cikakken totur, sannan ya zauna a kashi 65 zuwa 75 na ƙarfinsa awa biyu, awa uku, babu sassauci. Kamar ka ɗora wa mota lodi ka sa ta hawan tudun da ba ya ƙarewa. Na biyu, farfela ba ta son wuce juyi kusan 2,700 a minti, injin mota kuwa sai ya kai 5,000 ko fiye yake ba da ƙarfinsa, don haka sai an ƙera giyabos ko bel a tsakani. A nan ake shan kashi, domin bugun fistin da nauyin farfela suna ja-in-ja da juna har su karya shaf ko haƙoran giya. Rotax ma yana juyi har 5,800, amma giyabos ɗinsa kamfani ne ya zauna ya gwada. Na uku, injin motar zamani ba ya aiki sai da batir, da kwamfuta, da famfon lantarki. Waya ɗaya ta tsinke, shi ke nan. Ga lagireto da hanyar iskar da za ta sanyaya shi, su ma kai za ka ƙirƙiro. Shi ya sa a Amurka galibi jirgi mai inji da farfela da hukuma ta tantance yake yin awa 25 na gwaji, wanda ba haka ba kuwa awa 40, a keɓaɓɓen yanki, ba fasinja.

Don adalci, wani lokacin injin ne da kansa. A ƙarshen 2014 hukumar jiragen sama ta Ostireliya ta taƙaita yadda za a yi amfani da jirage masu injin Jabiru bayan yawan rahoton mutuwar inji, ciki har da karyewar dogayen kusoshin da ke riƙe silinda, daga baya ta sassauta ga waɗanda suka bi gyare-gyaren da aka tsara. Injinan Rotax masu haɗa fetur da baƙin mai, irin 582, awa 300 kawai suke yi kafin garambawul, kuma littafinsu ya faɗa ƙarara cewa suna iya tsayawa ba zato. Mai irin wannan inji ba ya bi ta kan inda ba zai iya sauka ba.

A Ingila sun bi wata hanya. Ƙungiyarsu ta masu ƙananan jirage, LAA, tana da masu dubawa da ke zuwa su sa hannu a kowane mataki na haɗin, duk shekara sai an sabunta takardar izinin tashi, kuma ba ka sauya wani muhimmin abu daga zane sai an amince. Makunnin da aka kai bayan kafaɗa da sai ya bi ta teburin wani injiniya tukuna. 'Yan Amurka da yawa suna ganin wannan takura ce, ni kuwa na fi karkata ga na Ingila. EAA ma tana da masu ba da shawara na sa kai da ke zuwa gareji kyauta su duba aiki, sai dai sai ka kira su.

In har abin ya ci gaba da jan hankalinka, hannunka na gareji jari ne, amma akwai ɗabi'un da sai ka ajiye a ƙofa: ɗaure noti da ji a hannu maimakon sifana mai awo, cikon abu da wanda ya yi kama da shi, da gwaji a kan hanya. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana horar da injiniyoyin gyara tun shekarun 1960, kuma duk jirgin farar hula da zai tashi a sararin Nijeriya sai ya bi ta hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA. Ni dai idan aka gayyace ni shiga jirgin haɗin gida, littafin tarihin injin nake fara nema. Ina duba awa nawa ya tashi a wata shida da suka wuce, yaushe aka sauya tiyo, wane aiki aka yi masa na ƙarshe, awa nawa ya yi a sama tun daga ranar, kuma sa hannun mutum nawa ne a ƙasan shafin. Daga nan sai in ce a buɗe murfin inji, in ɗauko tocila.